Kwana Goma Sha Bakwai a Garke na Biyu

Litinin, 10 ga Fabrairu, 12:40 na rana

Ina cikin motata a bayan rumfar tumaki ta gonar binciken jami'a, na bar injin a kunne saboda ɗumi. Sanyi ya kai sha tara ƙasa da sifili. Na ci rabin burodin da na zo da shi, sauran na mayar cikin jaka.

Daga 8:05 zuwa 11:30 muka ɗauki hoton cikin tumaki ashirin da huɗu. Sha biyu na garke na ɗaya, masu cin ƙoshi. Sha biyu na garke na biyu, waɗanda aka rage wa abinci wata guda kafin barbara da wata guda bayanta. Abin da shugabar binciken, Dakta Halvorsen, ke son sani shi ne ko yunwar farkon ciki tana hana mabiyiya girma, har ɗan ya fito ƙarami. Ta ce abin da aka gano a tunkiya zai amfani mata masu ciki.

Yau biyar daga garke na biyu sun nuna 'ya'ya ƙanana ƙwarai. Lambobin kunnensu: 409, 417, 422, 426, 430.

Leona Friesen ce ta riƙe na'urar. Kullum ita ce. A gonar tumaki ta girma, idan ta dafa tunkiya sai ta tsaya cik, ni kuwa da na matso sai su watse. Dakta ta leƙa allon ta kafaɗarta, ta ce, "Leo, hannun nan naki ido gare shi. Kin ga abin da kika samo mana?"

Ni na rubuta lambobin awon, guda ɗari da arba'in da huɗu, babu gyara ko ɗaya. Ba a ce min komai ba.

Tare muka gama digiri da Leona a watan Mayu, kuma na fi ta maki a kowane darasi in ban da ɗaya. Tare aka ɗauke mu aikin nan na shekara guda. A Afrilu Dakta za ta zaɓi wadda za ta ci gaba da karatu a ƙarƙashinta. Gurbi ɗaya ne.

Talata, 11 ga Fabrairu, 7:15 na safe

Leo. Ni har yau Nadine ce, wata rana ma sai ta tsaya ta tuno.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 5:50 na yamma

Na tsaya a ofis bayan kowa ya tafi, na ɗauko jadawalin girman ɗan tayin tunkiya. A rajistarmu cikin 417 yana da kwana 125 ranar Litinin. Faɗin kan ɗanta da tsawon ƙashin cinyarsa na ɗan kwana 108 ne. Na duba sauran huɗun. Kowacce ta gaza da kwana sha shida zuwa sha takwas.

Yunwa ba ta iya lissafi haka ba.

Bari in rubuta yadda muke sanin ranar da ciki ya shiga, don in gan shi a gabana. Kowane garke da ragonsa. Ana ɗaura wa ragon ɗamara mai dunƙulen alli a ƙirji. Duk tunkiyar da ya hau, sai launin ya fito a gadon bayanta, mu rubuta ranar. Idan cikin bai kama ba, bayan kwana sha bakwai za ta sake neman rago. Shi ya sa ake canza launin bayan mako biyu, daga rawaya zuwa ja. Jan da ya hau kan rawaya yana nufin a soke ranar farko a rubuta sabuwa. Idan kuwa ba a canza ba, rawaya ta hau kan rawaya, babu wanda zai gani.

Ranar canji Lahadi ce, 20 ga Oktoba. Aikin Leona ne. Sa hannunta yana cikin rajista.

Ban buɗe shafin Oktoba na wannan littafin ba. Na san abin da ke ciki.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, 1:05 na rana

Leona ta kawo fanken kakarta, kowa ya taru a ɗakin shan kofi. Duane, dattijon da ke kula da gonar shekara talatin da ɗaya, ya ci huɗu. Ya gan ni da allon rubutu a hammata, ya ce, "'Yar birni, kin ƙirga su yau? Har yanzu ashirin da huɗu ne, ko sun ƙaru kina barci?"

Na ce ashirin da huɗu ne. Aka yi dariya. Ban ga abin dariya ba, tambaya ya yi na ba shi amsa.

Leona ta miƙo min faranti. "Nadi, ci mana. Ko sai an auna miki nauyinsa?"

Na ci ɗaya. Yana da daɗi, abin haushi.

Dakta ta ce za a sa sunan Leona farko a takardar da za a rubuta, tunda ita ta gano. Ta ba ta makullin motarta ta ɗauko kayan tiyata daga gari. Sau uku ke nan tana ba ta motar.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 10:30 na safe

An kafe jadawalin tiyata. Duk tunkiyar da cikinta ya kai kwana 140 za a yi mata aiki a ciro ɗan da mabiyiyar, a auna su, sannan a mayar wa uwar da ɗanta. Ɗan kwana 140 yana rayuwa, saura mako guda ne a haife shi.

417: Talata, 25 ga wata. 422 da 430: Juma'a, 28. 409 da 426: Litinin, 3 ga Maris.

140 a cire 17, saura 123. Huhun ɗan kwana 123 bai gama ba. Na samu makin A a darasin da aka koya mana wannan.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 4:20 na yamma

Duane ya durƙusa ya taɓa hantsar 417, ya daɗe bai tashi ba. Ya ce, "Dakta, wannan ba ta shirya ba. Hantsarta kamar safar hannu da aka yar. Ni dai ban yi makarantarku ba, amma saura kwana shida a ce babu nono?"

Leona ta ce, "Ai yunwar ce, Duane. Har nonon take taɓawa."

Dakta ta juyo gare ni. "Rubuta wannan ma, Nadine. Bayani ne mai kyau."

Na rubuta. Duane ya miƙe yana dafe da gwiwa, ya dube ni, ya ce, "Ke fa mai lissafi, me littafinki ya ce?"

Na ce rajista ta ce kwana 134.

Rajistar kuwa haka ta ce. Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, 7:00 na safe

Ba ni na sa hannu ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 3:10 na yamma

Mama ta kira daga Yorkton. Ta tambaya ko ina cin abinci, ko na sa wa mota tayoyin ƙanƙara, sannan ta ce, "Yaya ƙawar nan taki mai dariya? Ki kawo ta gida mana a hutun Ista." Sau ɗaya ta taɓa ganin Leona, ranar bikin kammala karatu, na minti goma.

Bayan na ajiye wayar na buɗe shafin. Ga abin da na rubuta, harafi da harafi:

"Laraba, 23 ga Oktoba, 9:25 na safe. Ragon garke na ɗaya, ja. Sanata, ragon garke na biyu, har yanzu rawaya. L. ta sa hannu cewa ta canza duka biyun. Jan allin yana kan taga cikin takardarsa."

Ƙarƙashinsa babu komai. Shafin da ke biye maganar haƙorina ce.

Abin da na zata a lokacin shi ne Dakta za ta gani da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu, ta kira Leona ofis. Ina son in ga hakan sau ɗaya kawai. Ba ta gani ba. Aka cire ragunan ranar 3 ga Nuwamba, Duane ya wanke ɗamarun, shi ke nan. Daga nan kowace rana ta fi ta jiya wuyar magana.

Ba lallai ba ne kuma. Mai yiwuwa duka biyar ɗin sun ɗauki ciki a karon farko, yunwar ce da gaske. Na lissafa yiwuwar hakan. Ba zan rubuta lambar ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu, 6:30 na yamma

Na je ƙofar ofishin Dakta da ƙarfe 2:15. Leona tana ciki, ƙafarta ɗaya a kan kujera, suna kallon hoton karen Dakta a waya suna dariya. Ban taɓa sanin tana da kare ba.

Dakta ta ɗago. "Akwai wani abu ne?"

Na ce tawul nawa za a tanada gobe.

Shida.

Talata, 25 ga Fabrairu, 2:45 na rana

An kwantar da 417 da 9:10. An ciro ɗan da 9:34. Namiji, kilo biyu da giram ɗari shida. Gashinsa gajere, a manne da fata, ana ganin jijiyoyin kunnensa.

Ya buɗe baki, babu kuka. Ƙirjinsa yana shiga ciki maimakon ya taso. Leona ta share masa hanci, ta goge shi da tawul da ƙarfi, ta sa bakinta a hancinsa ta hura. Aka sa masa iskar kwalba. Tana ta cewa, "Haba ɗan saurayi, haba, ja mana, ja." Ta cire rigar sanyinta ta nannaɗe shi, ta zauna a ƙasa da shi a jikinta ƙarƙashin fitilar ɗumi.

Ya mutu da 10:15. Minti arba'in da ɗaya. Ni na riƙe agogon.

Uwar ta farfaɗo da 11:00. Tana ta shinshina ciyawar da ke gefenta.

An yi amfani da tawul huɗu.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 12:55 na rana

Leona ta same ni a mota. Ta buɗe ƙofar ta shigo ba tare da tambaya ba, idonta a kumbure. Ta ɗora min takardar maganin barcin jiya a cinya.

"Nadi, don Allah duba min wannan. Ina jin na yi wa uwar yawan magani ne ya taɓa ɗan. Na lissafa sau biyar, kaina ya daina aiki. Ke ce ba kya kuskure."

Na duba. Daidai yake, har ɗigo na biyu. Na faɗa mata.

Ta ce, "To mene ne? Jibi akwai biyu. 422 tagwaye ne da ita. Wallahi idan suka yi irin na jiya ba zan iya ba." Ta jingina kanta da kafaɗata. Gashinta yana warin rumfa. Ta ce, "Na san ina cika miki kunne. Da ba kya nan da tuni na nutse."

Ban ɗaga hannu na dafa ta ba. Ban kuma ture ta ba. Mun yi minti bakwai a haka.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 5:35 na yamma

Na shiga ofishin Dakta da 8:20, na rufe ƙofa. Na nuna mata jadawalin girma da lissafin kwana sha bakwai. Ta karanta tana kaɗa alƙalami. Ta ce hasashe ne mai kyau, amma rajista ta nuna an canza launin, ba za ta rushe aikin wata biyar saboda hasashe ba. Ta ce ta san ni da Leona muna neman abu ɗaya, in yi hankali da abin da nake faɗa.

Da na tsaya a nan, da gobe an yanka 422.

Na ciro wannan littafin daga jaka, na buɗe shafin, na ajiye mata. Ta karanta sau biyu. Ta ɗauki waya ta ce wa Duane a soke aikin gobe da na Litinin, a ba tumakin da aka hana ci saboda tiyata abinci. Har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai ta sa yatsa a saman shafin, a kan kwanan watan.

"Wannan yaushe kika rubuta shi?"

Na ce ranar da ke jiki.

"Ashirin da uku ga Oktoba."

Na ce e.

"Ranar Talata kina tsaye kusa da ni da agogo a hannu."

Na ce e.

Ta rufe littafin, ta turo min shi da bayan yatsu. Ta ce in kira mata Leona, ni kuma in je in taya Duane share rumfa.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

Ina zuba ciyawa a garke na biyu Leona ta zo ta tsaya a bakin shinge.

Ta ce ranar Lahadin nan ta sa hannu ne tun kafin ta shiga, kamar yadda ta saba. Ta canza na ragon farko. Sanata ya tunkuye ta ya kayar, ta fita neman Duane ya riƙe mata shi, ba ta same shi ba, wayarta ta yi ƙara, sai abin ya fita daga kanta. Ta ce har jiya da za ta iya rantsuwa ta canza.

"Laifina ne, na faɗa wa Dakta, zan faɗa wa kowa. Amma ke, Nadine." Ba ta ce Nadi ba. "Aikin minti biyu ne. Allin yana kan taga, ke da kanki kika rubuta. Ko ki canza, ko ki ce min ke sakarya kin manta. Sai kika koma mota kika rubuta ƙarfe nawa ne?"

Na ce ban san abin zai kai haka ba.

"Shekaranjiya fa? Da nake kuka a kafaɗarki, nan ma ba ki sani ba?"

Na ce tara da minti ashirin da biyar ne. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ta tambayi ƙarfe nawa, shi ne ya fito.

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta tafi ta bar ƙofar shingen a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba. Na rufe.

Litinin, 3 ga Maris, 1:20 na rana

An yi taro. Leona ta miƙe ta faɗi abin da ta yi a gaban kowa. Dakta ta ce daga yau mutum biyu za su riƙa sa hannu a canjin launi, kuma bayan an yi, ba kafin ba. Ba za a rubuta takardar ba. Ba ta ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi ta dafa kafaɗar Leona. Duane ya ce mata, "Ni na taɓa barin rago cikin ƙananan tumakin da ba su isa barbara ba har wata guda, ina shekara ashirin. Sha kofi, yarinya."

Ita ta ɓata aikin wata biyar, ita ake ba kofi. Na san bai kamata in rubuta wannan ba. Har kuskuren nata ma ya fi nawa kyau.

Alhamis, 6 ga Maris, 7:10 na safe

Ba wanda ya tambaye ni ko tumakin sun ƙaru.

Laraba, 12 ga Maris, 5:15 na yamma

An cire wa 417 zare. Tana ci. Duane ya gwada ba ta wani maraya daga garke na ɗaya, ta tunkuɗe shi sau uku, ba ta da nonon ba shi ma. Na riƙe ta ana cire zaren, ta tsaya min. Wannan ne karo na farko da wata tunkiya ta tsaya min, kuma na so a ce wata ce daban.

Talata, 18 ga Maris, 12:30 na rana

A rajista 422 da 430 sun kai kwana 158. Babu tunkiyar da ke kai wa haka. Hantsarsu ta fara cika. Duane ya taɓa, ya ce wa bango, "To, yanzu ne aka zo wajen."

Na fara cike takardar neman aiki a wani ɗakin gwajin madara a Regina. Akwai gurbin sunan wanda zai yi maka shaida. Na bar shi fari.

Litinin, 24 ga Maris, 6:05 na yamma

422 ta fara naƙuda da 1:50 na rana. Kwana 164 a rajista, 147 a nawa lissafin. Ɗan farko ya fito da kansa da 2:31. Na biyun ya zo da ƙafa ɗaya a baya, Leona ta naɗe hannun riga ta shiga ta gyara shi, ya fito da 2:58. Dukansu sun yi kuka. Na farkon ya miƙe cikin minti sha tara.

Ina tsaye a bayan shinge, ba a kira ni ba. Leona ta rataya na biyun a sikeli, hannunta duk jini da ruwa, ta duba hagu da dama babu mai riƙe da alƙalami. Ba ta dubi fuskata ba.

"Huɗu da ɗari uku. Mace. Rubuta."

Na rubuta.

"Na farkon huɗu da ɗari bakwai. Kin samu?"

Na ce na samu.

Dakta ta zo daga baya, ta karɓi allon, ta duba ranar, ta ce lissafina ya fita daidai. Ta faɗe shi kamar mai karanta ma'aunin sanyi. Sannan ta ce mu biyun mu same ta ranar Alhamis da ƙarfe goma, ɗaya bayan ɗaya, ni ce farko.

Wata goma ina jira ta ce na yi daidai.

Abin da na sani: tagwayen suna shan nono. 430 ta ƙi cin abincin yamma, tana tono ciyawa da ƙafa, gobe ne ko kafin gobe.

Abin da ban sani ba:

Ko yunwa tana hana mabiyiya girma. Bayan wata biyar da tumaki ashirin da huɗu, babu wanda ya sani.

Ko 409 da 426 za su haihu ranar 27 kamar yadda na lissafa.

Abin da Dakta za ta ce ranar Alhamis, da dalilin da ya sa ni ce farko.

Ko Leona ta faɗa wa Duane, ko shi ya gane da kansa.

Ko "rubuta" magana ce da ni, ko da duk wanda ke tsaye a wurin.

Ko da na yi magana ranar 27 ga Fabrairu, in da 422 ɗa ɗaya ne da ita, kuma Leona ba ta shigo motata ba.

Nauyin da ɗan 417 zai yi ranar 21 ga Maris, da na ɗauki jan allin daga kan taga.